Ajiye sufa gulu tukuna: gyaran tsofaffin Transformers

Tambaya: "Salamu alaikum. Kawuna da ya daɗe a Amurka ya bar mini kwali guda na tsofaffin Transformers, robot ɗin nan na wasa da ake lanƙwasawa su koma mota ko jirgi. Rufin Prowl ya ɓalle. Optimus Prime ba hannu, tayoyinsa kuma sun tsage. Ƙofar ƙirjin Soundwave ba ta rufuwa, ƙafafunsa sun saki. Jetfire ya koma ruwan ɗorawa. Akwai kuma wata mota mai ruwan gwal da ke marmashewa da na taɓa ta. Na sayo sufa gulu. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara da mayar da sufa gulun nan cikin aljihun tebur. A duk abin da ka lissafo, wuri ɗaya ne zai yi maka rana, kuma ko a can ba manna wani abu za ka yi da shi ba. Yawancin tsofaffin robot da ake kawo mini, ba shekaru ne suka gama da su ba, gyaran gangar Auzinawa ne: an tsiyaya gam a gaɓa ta daskare, gilashi ya yi fari fat, abin da ake iya gyarawa cikin awa guda ya koma na cire safaya.

Kayan da kawu ya bar maka asalinsu na Japan ne. A 1984 kamfanin Hasbro ya fito da Transformers a Amurka, amma ƙirar ta kamfanin Takara ce, daga kayan wasansa na Diaclone da Micro Change. Optimus da Prowl 'yan Diaclone ne, Soundwave ɗan Micro Change. Masu tara su suna kiran wannan zubin na farko G1. Wannan tarihin yana da ruwa da tsaki a wajen gyara, domin masu ƙirar wancan lokaci sun cakuɗa abubuwa da yawa a jiki ɗaya. Ka ɗauki Prowl a tafin hannunka: akwai roba mai tauri da ake kira ABS, akwai roba mai garai-garai ta gilasai, akwai ƙarfen zubi na tutiya wanda shi ke ba shi nauyi, akwai ƙyallin azurfa da aka fesa a kan roba, ga tayoyin roba mai laushi, ga sitika. Kowanne da irin tsufansa, kowanne kuma da maganinsa. Abin da zai haɗa ABS ya zama kamar bai taɓa karyewa ba, shi ne zai cinye gilashin da ke gefensa. Saboda haka tambayar farko a kullum ita ce: da me aka yi wannan ɓangaren? Sai ka amsa ta kafin ka tambayi da me za a manna.

Kafin gyara akwai kwancewa, kuma a nan mutane da yawa suke yin ɓarnar farko. Notinan kayan Japan suna kama da na Phillips, masu kan gicciye, amma ma'auninsu daban ne, ana kiransa JIS. Sukudireban Phillips ba ya zama daram a cikinsu. Sai ka murɗa ya zame, ka sake murɗawa ya cinye kan notin. Ka nemi sukudireban JIS mai lamba 0 da mai lamba 1; na kamfanin Vessel sun yi suna. In ba ka samu ba, ka gwada duk waɗanda ke hannunka har ka sami wanda ya cika ramin ba ya girgiza, ka danna da ƙarfi sannan ka juya a hankali. Notin da kansa ya riga ya cinye, shimfiɗa masa kyauron roba mai faɗi ka danna sukudireba ta kansa, sau da yawa yana kamawa. Ka ɗauki hoto da waya a kowane mataki, ka kuma jera notinan a kiret ɗin ƙwai bi da bi, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne. Dogon noti in ya shiga gurbin gajere, ta fuskar robot zai ɓullo. Ramin ƙarshe kuma yakan ɓuya a ƙarƙashin sitika. In ɓangarori biyu sun ƙi rabuwa, kar ka ɓamɓare, ka shafa da yatsa ka nemi ramin.

Fil ya fi noti wuya. Shi ne siririn ƙarfen da ya ratsa gaɓa, wanda ƙofa ko hannu ke juyawa a kansa. Gefe ɗaya nasa sumul yake, ɗaya gefen kuma yana da kaushi kamar haƙoran magagari, da shi yake riƙe roba. Ta gefen mai santsi ake bugawa, don mai kaushin ya fara fita. In ka juya lamarin, za ka ja haƙoran nan su ratsa ramin gaba ɗaya su yage shi. Ka ɗora ɓangaren a kan katako mai ɗan rami daidai inda fil zai faɗa, ka sami ƙusa siririya ka goge tsininta, ka riƙa bugawa kaɗan-kaɗan da ƙaramar guduma. In ya ƙi motsi, ɗora bakin ƙarfen darma a kansa na 'yan daƙiƙoƙi, zafin zai sassauta robar da ke kewaye. Masu gyaran waya da masu gyaran agogo sun saba da irin wannan aiki, kuma kayan aikinsu daidai suke da shi. In hannunka yana rawa, ba abin kunya ba ne ka kai wa ɗayansu ka tsaya a kansa.

To, Prowl. Motar 'yan sanda ce ƙirar Datsun 280ZX, kuma karyewar rufi ciwon gidansu ne, shi da Bluestreak da Smokescreen da aka zuba a mazubi ɗaya. Rufin da gilashin gaba abu guda ne, na roba mai garai-garai da aka shafa wa fenti, yana rataye a wata 'yar siririyar mahaɗa. Irin wannan robar ta fi kowacce saurin tsagewa, kuma ita ce babbar abokiyar gabar sufa gulu. Gam ɗin yana fitar da tururi yayin bushewa, tururin ya sauka a kan gilashi ya bar farin hazo. Har ma ya fi son inda yatsa ya taɓa, shi ya sa masu binciken laifi suke amfani da wannan tururin wajen fito da zanen yatsa. Ni ma da Prowl na koyi darasin. Ɗigo ɗaya na sa da daddare na je na kwanta ina murna, da safe na tarar da zanen babban yatsana fari tas a tsakiyar gilashin, kamar na dangwala a takardar zaɓe.

Abin da za ka yi ya danganta da abin da kake so da shi. In ajiye shi za ka yi a matsayin mota, ba za ka ƙara lanƙwasa shi ba, to ɗan ɗigon Araldite mai garai-garai, ko ruwan resin da ake busarwa da fitilar UV, zai zaunar da rufin ba tare da hazo ba. Ka shafa da tsinken sakace, daga ciki. Amma in kana so ya ci gaba da tashi ya zama robot, babu gam ɗin da zai riƙe wannan mahaɗar. Faɗin wurin da ya karye bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma duk nauyin juyawa a kansa yake. A nan canji ne gyara. Ka nemi wani Prowl ɗin da ya lalace ta wani wajen amma rufinsa lafiya. A eBay da kasuwannin gwanjon intanet na Japan ana sayar da irin waɗannan gawarwaki don cire safaya, ana kuma sayar da ɓangarori ɗai-ɗai. An sake buga Prowl a farkon shekarun 2000, kuma akwai masu yin rufin kwaikwayo. Rufin Bluestreak zai shiga, sai dai launi ba ɗaya ba, kuma ba shi da fitilar 'yan sanda.

Tunda muna kan karaya, bari in faɗa maka yadda ake yi da sauran robobin, domin za ka ci karo da su. ABS ba manna ta ake yi ba, narkar da ita ake yi ta haɗe da kanta. Ruwan haɗa roba irin su Plastruct Plastic Weld, ko asiton tsantsa, in ka shafa kaɗan a bakin karayar da ƙaramin buroshi, sai fuskokin biyu su yi laushi. Ka matse su minti ɗaya ko biyu, ka bar su kwana guda cur. In wani ɗan yanki ya ɓata, ka yanka guntayen ABS ka jiƙa a asiton cikin kwalbar gilashi har su zama kamar kunu mai kauri, ka cike gurbin, in ya bushe ka goge da samfefa. Bulon LEGO da ABS ake yin sa, shi ya sa ya zama wurin samun launi. Gwajin gane ABS ba wuya: ka taɓa wani lungu na ciki da ba a gani da tsinke mai ɗan asiton, in ya yi danƙo, mai yiwuwa ita ce. In bai ko gezau ba, kuma robar tana da santsi kamar kyandir, to nailan ce ko POM, irin waɗanda ake yin haƙoran gaɓa da su, musamman a sababbin robot. Waɗannan ba gam ɗin kasuwa da ke kama su da gaske. Ƙarfen zubi kuwa sai Araldite, mai kwana kafin ya bushe, ba mai minti biyar ba.

Duk inda karayar take ɗaukar nauyi, kamar wuya ko kafaɗa ko sandar da taya ke juyawa a kai, sai an sa mata ƙashi. Ka huda ɓangarorin biyu da abin huda na hannu mai bakin milimita 0.8 ko 1, zurfin milimita uku zuwa huɗu kowanne, ka yanki guntun kilif ɗin takarda ko wayar tagulla ka zura a tsakiya, sannan ka haɗa. Sirrin yana wajen daidaita ramukan: ka huda ɗaya, ka ɗiga fenti a bakinsa, ka haɗa ɓangarorin yadda suke a da, inda fentin ya sauka a ɗayan nan za ka huda. Kar ka yi amfani da na lantarki, gudunsa yana narkar da roba.

Na Optimus mai sauƙi ne. Hannayensa dama ba a jikinsa suke ba. In ya tashi robot ake cusa su a ramukan fitilun gaba, in ya koma babbar mota a cire. Shi ya sa kusan kowane yaro na 1984 ya ɓatar da su. Kafin ka saya, buɗe ƙirjinsa ka duba, ka kuma girgiza tirelar, don nan yara suke ɓoye su. In babu, ana samun na asali da na kwaikwayo. Sai dai an yi ta sake mazubin hannayen a tsawon shekaru, kaurin sandar ba ɗaya ba ne, don haka in ya yi tsauri ka goge sandar hannun, kar ka faɗaɗa ramin fitila. Tayar da ta tsage ba a manna ta, domin a miƙe take a kan wili, za ta sake buɗewa a gefen mannin. Ka sayi sababbi, ka jiƙa su a ruwan zafi minti ɗaya su yi laushi sannan ka sa. In kuma bututun hayaƙinsa za ka canza, ka lura: wanda Hasbro ya sake bugawa a 2002 an gajarta masa bututu saboda dokokin kare yara, don haka ɗaya dogo ɗaya gajere za ka samu in ba ka tambaya ba.

Soundwave rikoda ce ta kaset a siffa kawai, ba lantarki a cikinsa. Abin da ke kama da batir a bayansa bindigoginsa ne. Ƙofar ƙirjin tana da maɓalli a sama da ɗan ƙugiya da sifirin. In ba ta rufuwa, ɗayan uku ne: sifirin ya goce, bakin ƙugiyar ya cinye, ko ƙafar ƙofar ta karye daga ƙasa. Sai ka kwance bayan ka gani. Ka buɗe shi a cikin faranti mai zurfi ko cikin farar leda, domin sifirin in ya yi tsalle, sai dai wani ba shi ba. In ya ɓata, na cikin biro ko na tsohuwar laita yakan maye gurbinsa in an yanke daidai. Ƙugiyar da ta cinye ana ƙara mata baki da kunun ABS ɗin da na faɗa. Ƙofar da ta karye kuwa canji ce, kuma ka yi hattara wajen saye. A 1987 Takara ya sake fasalin wannan mazubi ya fitar da Soundblaster mai cin kaset biyu, aka canza yadda ƙofar ke rataye, kuma waɗanda aka sake bugawa daga baya sun gaji wannan canjin. Ƙofarsu ba ta zama a jikin na 1984 kai tsaye.

Ƙafafun da suka saki, nan ne sufa gulunka zai fito. Gaɓa tana saki ne saboda gogayya ta cinye roba, maganin kuma shi ne a ƙara mata kauri. Ka fara da ɗaure notin wurin, wani lokaci shi ke nan. In bai yi ba, ka raba gaɓar, ka shafa gam ɗin siriri a kan sandar kaɗai, ka bar shi ya bushe sarai, awa biyu ko fiye, sannan ka mayar. In bai isa ba ka ƙara shafi na biyu. Kar ka taɓa ɗiga shi a gaɓar da ke haɗe da niyyar za ka yi ta motsa ta kafin ya kama. Masu yin haka suna cin nasara sau tara, na goma su rasa ƙafa. Wanda ya fi aminci shi ne ruwan acrylic na ƙyallin daɓe, irin wanda masu wannan sha'awa suka sani a da da sunan Future ko Pledge, domin shi ko ya yi yawa ana wanke shi. Gaɓar da ta ƙage kuma, ruwan ɗumi ko iskar handiraya daga nesa, sai ɗigon man silikon. Ban da WD-40, ban da baƙin mai. Man da aka samo daga fetur yana raunana roba a hankali. In ka ga wani farin layi ya fito a jikin roba mai launi lokacin da kake lanƙwasawa, tsaya nan take. Gargaɗin ƙarshe ke nan kafin karaya. Zafi yana ɓatar da farin, amma raunin yana nan.

Jetfire daban yake da sauran. Ba na Takara ba ne, ƙirar jirgin Valkyrie ce ta kamfanin Takatoku, Hasbro ya sayar da shi a 1985, kuma saboda sarƙaƙiyar haƙƙin mallaka ba a sake buga shi da wannan sunan ba. Ma'ana safayarsa tsada gare ta, kuskure a kansa ba ya gyaruwa da arha. Ruwan ɗorawan da ka gani ba datti ba ne, sabulu ba zai fitar da shi ba. Hasken rana da zafi da iska ne suka canza fatar robar. Ana mayar da farin da hydrogen peroxide, wanda ake samu a kemis mai ƙarfin kashi 3 ko 6 cikin ɗari, da na masu gyaran gashi mai kashi 12. Ana kwance ɓangarorin farare, a wanke, a nutsar da su a cikin mazubi mai garai-garai, a ajiye a rana, ana juyawa ana dubawa duk awa. Ka sa safar hannu, ka kare idonka, don mai ƙarfin yana ƙona fata.

Amma ka san abin da kake saye da wannan farin. Ruwan yana cinye sitika, yana sa noti da fil tsatsa, yana dusasar da ƙarfen zubi, jan fenti kuma yakan koɗe. Mai kauri irin na gashi in ya bushe a wani wuri ya bar wani, sai robar ta fito dabbare-dabbare, kuma wannan ba ya komawa. Ranarmu ma ba irin ta Turai ba ce inda aka saba rubuta waɗannan shawarwari; rufaffen mazubi a ranar azahar ta watan Afrilu yana iya lanƙwasa siraran fukafukai, don haka hantsi ya ishe ka. Bayan duk wannan wahala, launin yakan dawo bayan 'yan shekaru, wani lokaci ko a cikin duhu aka ajiye shi. Ra'ayina: in ɗorawan ya bazu daidai ko'ina, kamar launin hauren giwa, ka bar shi, shekara arba'in ce ta nuna kanta. In kuwa gefe ɗaya fari ɗaya kamar shayi saboda ya zauna kusa da taga, to kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Ka gwada da ƙaramin ɓangare guda tukuna. Kuma duk lokacin da za ka sa masa jan sulkensa ko ka cire, a hankali, 'yan kunnuwan da ke riƙe shi sun bushe.

Ƙyallin azurfa kuma kar ka goge shi da komai sai busasshen ƙyalle mai laushi. Ba ƙarfen zubi ba ne, siririn shafi ne na alminiyam da bai kai kaurin gashi ba, bilic da ruwan goge gilashi suna wanke shi. Inda ya goge, alƙalamin Molotow Liquid Chrome yana rufewa, ya yi kyau a ido, amma ba ya jure taɓawa. Sitika akwai na kwaikwayo masu kyau daga Toyhax. Ni dai ba na ɓare ta asali in ba ta ruɓe ba. In gefenta ne ya tashi, ɗan gam ɗin takarda ya wadatar. Duk abin da ka canza kuma ka rubuta a takarda ka ajiye tare da robot ɗin, don ranar da za a sayar mai saye ya san hannu na kwaikwayo ne, rufi na wani Prowl ne. A wannan kasuwar bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne.

Saura motar gwal. Daga bayaninka ina kyautata zaton Electro ne, na 1994, daga zubi na biyu da ake kira Generation 2. Ciwonsa sananne ne har suna gare shi, Gold Plastic Syndrome. Wata roba ce mai ruwan gwal da ƙyalƙyali a ciki, wadda aka yi amfani da ita daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990. Da ta tsufa sai ta zama kamar ƙuli-ƙuli. Ba ta lanƙwasa, ba ta nuna farin layin gargaɗi, marmashewa kawai take yi. Black Zarak na 1988 da Slingshot na Generation 2 duk haka suke, har akan buɗe sabon kwali a tarar sun karye a ciki. Masu tara kaya suna ɗora laifin a kan ƙwayoyin ƙyallin da ba su gauraya da robar sosai ba. Ba shi da magani. In ka manna nan, can zai ɓalle, in ka huda don sa ƙashi, ramin zai tarwatse. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: a siffar da ka same shi, a ita zai zauna. Abu ɗaya kawai za ka duba. Yana da 'yar fitila mai cin ƙananan batura irin na agogo, kuma in sun shekara talatin a ciki, wataƙila sun yi yoyo. In murfinsu ya buɗe ba gardama, ka cire su, ka goge farin garin da audugar kunne mai ɗan ruwan khal. In ya yi gardama, ƙyale shi. Guntayen da suka zube ka tara su a ƙaramar leda, shi kuma ka shimfiɗa masa ƙyalle a wurin da rana ba ta kaiwa, nesa da rufin kwano, ba tare da wani abu a kansa ba.

Ka fara da Optimus, don hannunka ya saba da abin da ba ya karyewa da wuri, sannan Soundwave. Idan ka buɗe bayan Soundwave ɗin, turo mini hoton ƙugiyar da na ƙasan ƙofar kafin ka sayi komai.